Ina Hayaƙin Ƙunar Daji Ya Ke Tafiya?

'Yan'uwa manoma, daga watan Nuwamba har zuwa Fabrairu, in mutum ya fita bayan gari da dare ya ɗaga kai, da wuya ya rasa ganin jan wuta a wani gefe. Da safe kuma sai a tarar baƙar toka ta sauka a tsakar gida, a kan shanya, har cikin randa. Mun saba da wannan tun muna yara. Tokar dai muna ganin inda ta ke faɗuwa. To, hayaƙin fa? Yawancinmu mun ɗauka da zarar ya tashi sama ya baje, maganarsa ta ƙare ke nan.

Ba haka ba ne. Hayaƙin ya kan ɓace wa idonmu, amma aikinsa bai ƙare ba. Sa'ad da hasken rana ya same shi, ya kan haifar da wata iska da a ke kira ozon. Ba a ganinta da ido, amma tana ƙona ganyen amfanin gona, tana kuma wahalar da huhun mutum. Abin takaici kuwa shi ne, ɗaya daga cikin kayan haɗin iskar nan takin ƙasarmu ne, wanda wuta ta kwashe ta kai sama. Watau ƙunar daji tana jawo mana hasara sau biyu. Bari mu bi sawun hayaƙin nan mu ga yadda abin ya ke.

MECE CE OZON?

Iskar da mu ke shaƙa gauraye ce. In aka raba ta kashi 100, wajen kashi 78 naitirojin ne, kashi 21 oksijin ne, ragowar ɗayan kuma tarkacen waɗansu iskoki ne. Oksijin ita ce mu ke bukata domin numfashi, ita ce kuma ke sa wuta ta ci.

Kowane abu a duniya tarin waɗansu ƙwayoyi ne ƙanana ƙwarai da ido ba ya gani, ana ce da su ƙwayoyin zarra. A cikin iskar da mu ke shaƙa, ƙwayoyin oksijin suna tafiya biyu-biyu ne, a manne da juna kamar tagwaye. In ta uku ta zo ta manne musu, sun zama ozon ke nan. Ƙwaya ɗaya ce kawai ta ƙaru, amma halin ya sake sarai. Ta ukun nan ba ta zauna daram ba. Da ozon ta taɓa ganye, ko roba, ko naman cikin maƙogwaro, sai ƙwayar ta ɓalle ta kama abin ta ci shi, kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe.

Wani Bajamushe mai suna Kiristiyan Shonbain, malami a birnin Basal na ƙasar Suwizalan, shi ne ya lura da warinta a shekara ta 1839 sa'ad da ya ke gwaji da wutar lantarki. Ya raɗa mata suna daga wata kalmar Helenanci mai nufin yin wari. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai walda ya ji wani wari mai kaifi yana sukar hanci, ya san warin ozon.

TA SAMA DA TA ƘASA

Wataƙila kun ji a rediyo ana cewa ozon tana tsare duniya. Gaskiya ne. Wajen kashi 90 cikin 100 na dukan ozon tana can sama ƙwarai, tsakanin kilomita 15 da 35 daga ƙasa. Ba ta da yawa. Da za a tattaro ta duka a sauko da ita ƙasa, kaurinta ba zai wuce milimita 3 ba, kamar kwabo biyu in an ɗora ɗaya a kan ɗaya. Duk da haka ita ce ke tare wani sashi na hasken rana mai ƙona fata da lalata ido. A shekara ta 1985 masanan Ingila suka ba da labari cewa rufin nan ya sirance ƙwarai a can ƙarshen kudancin duniya. A 1987 ƙasashe suka sa hannu a wata yarjejeniya a birnin Mantiriyal na Kanada, suka hana sinadaran firiji da na gwangwanin fesawa masu cinye shi. Tun daga nan rufin yana warkewa sannu a hankali.

Ba wannan mu ke magana a kai ba. Muna maganar ragowar kashi 10 ɗin ne, wadda ke cikin iskar ƙasa, inda mutane da dabbobi da shuke-shuke su ke numfashi. Iska ɗaya ce, wurin zama ne ya bambanta. Wuta a murhu tana dafa tuwo, wuta a jinka kuwa gobara ce. Kada kuma wani ya yi tsammani ozon ɗin da hayaƙinmu ke haifarwa za ta hau ta toshe ɓarakar can ta sama. Ba ta kaiwa can. A nan ƙasa ta ke yin ɓarnarta ta ƙare.

YADDA AKA GANE

A shekarun 1940 manoman kayan lambu a kewayen birnin Los Anjalis na Amurka suka ga ganyen shukarsu yana ƙonewa, ba ƙwari, ba cuta. Mutanen birni kuma idanunsu suna zafi. Wani masani mai suna Ari Hagen-Simit ya nuna a 1952 cewa hayaƙin motoci da na matatun mai ne hasken rana ke dafawa ya zama ozon. Shekaru da dama aka ɗauka wannan damuwar manyan birane ce kaɗai.

A 1979 Paul Kurutsen, masani ɗan ƙasar Holan wanda ya sami lambar Nobel a 1995, shi da abokan aikinsa suka nuna cewa wutar daji a ƙasashe masu zafi tana fitar da kayan haɗin nan da yawa ƙwarai. Wajen 1990 kuma Jak Fishman na hukumar sararin samaniya ta Amurka ya duba awon da taurarin ɗan Adam su ke yi, sai ya ga tarin ozon a bisa tekun Atlantika, daura da gaɓar Angola da Namibiya, a watannin Satumba da Oktoba. A tsakiyar teku, inda babu mota ko ɗaya! Saboda haka masana suka bazu domin bincike. A 1991 suka auna hayaƙin ƙunar daji a Lamto cikin ƙasar Kwaddibuwa. A 1992 suka yi babban bincike da jiragen sama a kudancin Afirka da Barazil, har aka cinna wa waɗansu filaye wuta da gangan a gandun dajin Kuruga na Afirka ta Kudu domin a auna abin da ke tashi. Binciken ya tabbatar cewa hayaƙin dajin ciyawa na nahiyoyin nan biyu, tare da gudummawar walƙiya, shi ke ciyar da tarin ozon ɗin nan.

DUWATSUN MURHU UKU

Tukunya ba ta zama sai a kan duwatsu uku. Hakanan ozon ta ƙasa ba ta samuwa sai abu uku sun haɗu.

Dutse na fari shi ne naitirojin da ya haɗu da oksijin. Akwai naitirojin a jikin kowace ciyawa da kowane ganye, wanda saiwa ta tsotso daga ƙasa. In wuta ta ci ciyawar, wani sashi na naitirojin ɗin ya kan kama ƙwayar oksijin ɗaya ya tashi sama. Ana ce da wannan naitirojin oksaid.

Dutse na biyu shi ne iskokin da wuta ba ta gama cinyewa ba. Babbar cikinsu ita ce kabon monoksaid, iskar nan mai kashe wanda ya kwana da gawayi ko janareto a rufaffen ɗaki. Akwai kuma metan, irin iskar da ke fita daga ruɓaɓɓen kashin shanu, da tururi iri-iri waɗanda su ne ke ba hayaƙi warinsa.

Dutse na uku shi ne hasken rana mai ƙarfi.

Ga yadda su ke aiki tare. Mu ɗauki naitirojin oksaid kamar ɗan dako a kasuwa. In ya sami ƙwayar oksijin ta biyu ya ɗora a ka, sunansa ya zama naitirojin dayoksaid. Hasken rana shi ne mai sauke kaya, ya kan fizge ƙwayar nan daga kan ɗan dakon. Ƙwayar da aka sauke ba ta iya zama ita kaɗai. Nan da nan ta manne wa tagwayen oksijin da ke kusa, suka zama uku, ozon ta samu. Ɗan dako kuwa yana nan da ƙarfinsa, ya koma neman wani kaya.

In babu mai yi masa lodi, sai ya juya ya ƙwace ƙwayar daga ozon ɗin da aka gama yi, ta koma oksijin. A gina, a rushe, a gina, a rushe, ozon ba ta taruwa. Amma in dutse na biyu yana nan, labari ya sake. Iskokin nan su kan farfashe a sararin sama, gutsattsarinsu su kama oksijin, su yi ta ɗora wa ɗan dako kaya. Ba shi da bukatar taɓa ozon kuma. Yana ɗauka, rana tana saukewa, yana ɗauka, rana tana saukewa. Da haka ɗan dako ɗaya ya kan haifar da ozon masu yawa kafin aikinsa ya ƙare.

Aikin nan yana ɗaukar sa'o'i, wani lokaci kwanaki. Shi ya sa a bakin wuta ozon ba ta da yawa. Sai hayaƙin ya yi tafiya ya sha rana tukuna. Wanda ya ƙyasta ashana ba shi ne ya fi shan ozon ɗin wutarsa ba. Mutanen da iska ta nufa su ke sha, shi kuma yana shan ta waɗanda ke bayansa.

ME YA SA DAJIN CIYAWA YA FI?

Ƙasarmu, watau daji mai doguwar ciyawa da itatuwa jefi-jefi wanda masana ke kira sabana, ta tara duwatsun nan uku a wuri ɗaya. Damina tana tsirar da gamba da ƙyasuwa da tofa har su fi tsawon mutum. Rani yana busar da su ƙayau. Rana kuma tana bisa kai, babu girgije. Awon taurarin ɗan Adam ya nuna cewa cikin dukan filin da wuta ke ci a duniya kowace shekara, wajen kashi 70 cikin 100 a Afirka ya ke. Kusan dukan wutar nan kuwa hannun mutum ne ke kunna ta.

Afirka tana da lokacin ƙuna biyu. Namu na arewa, daga Senegal har zuwa Sudan ta Kudu, ya fi ƙarfi a Disamba da Janairu. Iskar hunturu ta kan kwashi hayaƙin, ta gauraya shi da ƙurar da ta ɗauko daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta yi kudu maso yamma da shi. Hazon da mu ke gani ba ƙura kaɗai ba ce. Tun daga 1994 aka sa na'urorin awo a jikin waɗansu jiragen saman fasinja, suka nuna cewa a bisa Legas da Abijan, ozon ta ƙasa-ƙasa ta fi yawa daga Disamba zuwa Fabrairu, daidai lokacin ƙunarmu.

Mutanen Angola, Zambiya da kudancin Kwango kuwa suna tasu ƙunar daga Yuni zuwa Oktoba, lokacin da mu ke cikin damina. An auna ozon ɗin hayaƙinsu a bisa Kwatano, kilomita kaɗan a sama. Ƙwayar ozon ta kan yi kamar mako uku a sarari kafin ta lalace, kabon monoksaid kuma wata ɗaya ko biyu. Wannan ya isa iska ta ƙetare teku da su.

BA WUTA KAƊAI BA

Kada mu ɗora wa ƙunar daji laifin duka. Ƙasa da kanta tana fitar da ɗan dakon nan. Akwai ƙananan halittu a cikin ƙasa waɗanda ido ba ya gani, su kan kwanta dukan rani. Da ruwan fari ya sauka, sai su farka su kama aiki a kan naitirojin ɗin da ya taru, naitirojin oksaid ya yi ta tashi kwana biyu ko uku. A daminar 2006 wani jirgin bincike na Ingila da ke tashi daga Yamai ya bi ta bisa ƙasar Sahel, ya tarar ozon ta fi yawa a kan wuraren da ruwa ya jiƙa ba da daɗewa ba. A tashar awo ta Banizumbu, gabas da Yamai, inda ciyawar ƙonawa ba ta da yawa, ozon ta fi tashi da damina ne. Walƙiya ma tana ƙera naitirojin oksaid da zafinta. Itatuwa da yawa kuma suna fitar da wani tururi mai suna aisofirin daga ganyensu, wanda ke aiki irin na dutse na biyu. Amma kada wani ya zargi itace. Tururinsa ba ya tara ozon sai inda 'yan dako suka yi yawa, ganyensa kuma yana shanye ozon daga iska.

Waɗannan suna nan tun fil azal, ba su kuwa hannunmu. Abin da ke hannun mutum shi ne wutar daji, da hayaƙin motoci, babura da janareto, da ƙona gawayi, da iskar gas da a ke ƙonawa a rijiyoyin mai. Daga cikinsu, wanda ke hannun manomi shi ne na farin.

ABIN DA TA KE YI WA SHUKA

Ganye yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan ya ke numfashi. Da rana, in akwai laima a ƙasa, ƙofofin a buɗe su ke. Ozon ta kan shiga ta nan ta ƙona naman cikin ganyen. Shukar ta kan ɓad da ƙarfinta wajen gyaran ɓarna, ganyen ya tsufa da wuri, ƙwaya ta kasa cika.

Kaɗan ƙwarai ya isa. Masana suna fara lissafin ɓarna daga kashi 40 cikin biliyan ɗaya na iska. Biliyan ɗaya na ƙwayar gero ya kai wajen buhu 80. Ku duba fa, ƙwaya 40 cikin buhu 80! Wani lissafi da masanan Turai suka buga a 2009 ya nuna cewa a shekara ta 2000 ozon ta rage alkamar duniya da kashi 7 zuwa 12 cikin 100, waken soya kashi 6 zuwa 16, masara kashi 3 zuwa 5, shinkafa kashi 3 zuwa 4. A garin Bango na ƙasar Wales an shuka ire-iren amfanin gona na Afirka a ɗakunan gwaji, aka hura musu ozon. Alkama da wake suka yi hasara, gero kuwa ya jure.

Shuke-shuken da aka sani ba su jure ozon sun haɗa da alkama, wake, waken soya, auduga, tumatir, albasa, kankana da latas. Ku sake karanta sunayen nan. Yawancinsu kayan noman rani ne. Masu lambu a fadamun Binuwai, Gongola da Kaduna, da na kan tudun Filato, shukarsu tana tsaye kore shar, ta ƙoshi da ban-ruwa, ƙofofin ganyenta a buɗe, daidai watannin da daji ke cin wuta a kewaye.

Alamarta a ganye ita ce ƙananan ɗigo-ɗigo masu launin ƙasa-ƙasa ko ja-ja a saman ganyen, tsakanin jijiyoyi, jijiyoyin kuwa suna nan kore. Tsofaffin ganye su ke fara nunawa. In wani ganye ya rufe wani, wurin da ke inuwa ya kan tsira. In ka juya bayan ganyen ba za ka ga ƙwaro ko saƙa ko gari ba. A duba da kyau, gama ƙwari da rashin taki su ma suna kawo tabo mai kama da wannan. Amfani kuma yana iya raguwa ba tare da tabo ko ɗaya ba.

Ga mutum, ozon tana kawo tari, ƙaiƙayin maƙogwaro da nauyin ƙirji, tana kuma tayar wa masu asma da ciwonsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ta wuce wajen kashi 50 cikin biliyan in an auna na sa'a 8. Ta fi yawa daga tsakar rana zuwa la'asar.

HASARA TA BIYU

Yanzu mu koma kan ɗan dakon nan. Daga ina ya fito? Daga ƙasarmu. Naitirojin shi ne abin da mu ke saya da tsada cikin buhun yuriya. Buhu mai kilo 50 yana da naitirojin kilo 23. Tan ɗaya na busasshiyar ciyawa yana ɗauke da kamar kilo 3 zuwa 5. Fili hekta ɗaya mai ciyawa tan biyar yana da kilo 15 zuwa 25 ke nan, kusan buhu guda. In wuta ta bi ta kai, mafi yawan naitirojin ɗin sama ya ke tafiya.

Wani zai ce, "Ai toka taki ce." Akwai gaskiya a ciki. Toka tana da fotash da ɗan fosfet, shi ya sa shuka kan yi kyau a gurbin da aka ƙona tarin shara. Amma naitirojin ya tafi. Ruɓaɓɓen ganyen da zai sa ƙasa ta yi laushi ta riƙe ruwa shi ma ya tafi. Tokar kuma, iskar hunturu da ruwan fari su kan kwashe da yawa daga cikinta. Ka ga takin da ya kamata ya ciyar da dawarmu ya tashi ya zama abin da ke ƙona tumatirin maƙwabcinmu.

A DAINA WUTA ƊUNGUM?

Wuta tsohuwar abokiyar zaman dajin ciyawa ce, masu kunna ta kuma suna da dalilansu. Makiyayi yana neman sabon toho. Maharbi yana neman zomo da gafiya. Manomi yana sharar gona. Mai gida yana tsoron macizai da gobara. In aka hana wuta sam, ciyawa ta taru shekara da shekaru, ran da ta kama babu mai iya tare ta. Abin tambaya shi ne wace irin wuta, yaushe, kuma ina iyakarta.

A gandun dajin Olokemeji, tsakanin Ibadan da Abekuta, ma'aikatan daji suka fara wani gwaji a 1929. Suka keɓe fili uku, ɗaya ana ƙona shi da farkon rani, ɗaya da ƙarshen rani, ɗaya ba a ƙonawa. Bayan shekara kusan 30, wanda ba a ƙonawa ya zama kurmi. Na ƙarshen rani ya zama ciyawa da 'yan itatuwa masu taurin rai. Na farkon rani ya riƙe itatuwansa da yawa. Wutar Nuwamba ba ta da zafi, tana ci tana tsallake, ta mutu da raɓar dare. Wutar Fabrairu kuwa tana lashe kome, daidai lokacin da kaɗanya da ɗorawa su ke fure. A arewacin Ostireliya, tun 2006 'yan asalin yankin Anham suka koma ga ƙunar wuri irin ta kakanninsu, babbar gobarar ƙarshen rani ta ragu, har ana biyansu saboda hayaƙin da suka rage.

Sai dai a lura. Ciyawa mai ɗanye-ɗanye ta fi yin hayaƙi in an gwada dami da dami. Ribar ƙunar wuri ita ce filin da ke ƙonewa kaɗan ne. In aka ƙona ko'ina da wuri, ba a tsira da kome ba.

Ragewa tana da amfani kuwa? Tana da shi. Daga 1998 zuwa 2015 filin da wuta ke ci a duniya ya ragu da wajen kashi ɗaya cikin huɗu, galibi a dajin ciyawa inda gonaki suka yawaita. Daga 2005 zuwa 2017 taurarin ɗan Adam sun ga naitirojin dayoksaid ya ɗan ragu da rani a bisa yankinmu na sabana, ko da ya ke motoci sun ƙaru. Mutanen Gana sun koyi darasin da wuya a 1983, sa'ad da fari da gobarar daji suka cinye gonakin koko da na abinci. A Nijeriya ma akwai dokar hukumar NESREA ta 2011 wadda ta hana ƙona daji ba da izini ba. Amma doka ba ta kashe wuta, sai mutanen gari.

ABIN DA ƘUNGIYA ZA TA IYA YI

1. Kada a ƙona kara da shara a gona. A ba dabbobi, a maido da kashinsu. Ragowar a zuba a ramin taki, ko a bar ta shimfiɗe ta rufe ƙasa.

2. A yanki ciyawa tun tana da ɗanye, a Satumba da Oktoba, a yi ingirici. A yanki gamba domin zana, da shuci domin jinka. Ciyawar da ke rumfa wuta ba ta same ta ba, kuɗi ce kuma a watan Maris.

3. A yi gayya kafin ciyawa ta bushe, a share hanya mai faɗin taki biyar ko fiye kewaye da rumbuna, lambuna da wuraren da aka dasa itatuwa.

4. In lalle sai an ƙona, a yi da wuri, yanki-yanki, da sassafe ko da yamma liƙis sa'ad da iska ta kwanta. A sanar da maƙwabta, a tsaya a wurin da ɗanyun rassa har wutar ta mutu.

5. Shugabannin ƙungiya su zauna da dagaci, da ardo, da sarkin baka, da masu cire zuma, a shirya tare inda za a ƙona da inda za a bari. Wuta ba ta san iyakar gona ba, ba ta kuwa tambayar kabila. A ji bukatar kowa, gama wanda ba a shawarce shi ba shi ne zai kunna da dare.

6. A binne yuriya a gindin shuka, kada a watsa ta a sama. Wadda aka bari a fili, da yawanta iska ce ke sha.

7. Masu lambu su riƙa duba ganye. In an ga alamar da muka faɗa, a rubuta ranar a littafin ƙungiya, a nuna wa malamin gona kafin a kashe kuɗi a kan maganin ƙwari.

8. Ranar da hayaƙi ya rufe gari, yara, tsofaffi da masu asma su rage aikin ƙarfi da tsakar rana.

TAMBAYOYI DOMIN TARONKU NA GABA

A wane wata ne wuta ta fi ci a dajin garinku, su wa ke kunna ta, don me? Bara, me wuta ta cinye muku: rumbu nawa, itace nawa, dami nawa? Wane fili ɗaya za ku iya tsarewa daga wuta bana, ku gwada amfaninsa da na kusa da shi bayan shekara uku?

Sakatare ya rubuta amsoshin, a kuma tsai da ranar gayyar share hanyar wuta tun ciyawa ba ta bushe ba.